Tungar Kwamanda da Akuya Mai Ƙaho Ɗaya

Duk layin babu wanda bai san Kwamanda ya yi yaƙi ba, domin shi da bakinsa ya gaya wa kowa, wasu ma sau uku. Yaƙin ina ne, wannan kuma sirrin soja ne. In ka matsa masa da tambaya sai ya kafe ka da ido, ya girgiza kai a hankali, ya ce akwai abubuwan da zuciyar farar hula ba za ta iya ɗauka ba. Wandonsa kullum da karin guga kamar ka yanka albasa da shi. Tafiyarsa kuwa, ko ashana za shi saye, fareti ce.

A iya saninsa, mutum ɗaya ce ta san gaskiyar zance, wato matarsa, Maman 'Yan Biyu. Bariki kam ya zauna, shekara goma sha ɗaya cif, sai dai wanki da guga ya yi wa sojoji. Sau ɗaya ya taɓa riƙe bindiga, ranar da wani kofur ya ce ya riƙe masa zai ɗaure igiyar takalmi. Shekara ashirin ke nan da tarewarsu a layin, ba ta taɓa tona shi ba, ba ta kuma taɓa kiransa Kwamanda ba. Shi kuma don kada a harbo jirginsa, bai taɓa yarda a gan shi da sabulu a hannu ba. Wandonsa kaɗai yake gogewa, shi ma sai ya kulle ɗaki.

A farfajiyar gidan, taki biyu daga ƙyaure, akwai ɗan dashen lemo da bai wuce ƙugu ba. Mahaifin Maman 'Yan Biyu ne ya rene shi a gwangwani, ya miƙa mata da hannunsa wata biyu kafin ya rasu. Ganyensa ma ta san adadinsu.

Ranar Talata da hantsi, akuyar Inna, tsohuwar da ke gidan ƙarshen layi, ta tura ƙyauren da kai ta shigo, don sakatar ta daɗe da karyewa. Ƙaho Ɗaya ake ce wa akuyar, tun ranar da ta bar ɗayan a jikin wata mota. Kafin a fito mata da tsintsiya ta ci ganye huɗu, ta fita a tsanake tana taunawa.

Maman 'Yan Biyu ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Kwamanda ke nan.

"Maigida, wata uku ina cewa a gyara sakatar nan."

"Ana nazari."

"To a ci gaba da nazari. Amma ka ji ni da kyau. Itacen nan shi kaɗai ya rage mini na mahaifina. Ranar da wani abu ya same shi, a ƙofar gidan nan zan tsaya in gaya wa mutanen layi aikin da ka yi a bariki."

Kwamanda ya miƙe. Ya san ta, ba ta faɗin abu sau biyu. Ya gyara kwalar rigarsa ya fita.

A tsallaken titi akwai rumfar mai walda, kusa da ita kuma wani dattijo mai gyaran takalmi, wanda kowa ke kira Baba. Baba ba mai magana ba ne, kuma hannunsa na hagu yatsu uku ne. Ranar an yi rashin sa'a, bencin mai walda cike yake da 'yan zaman hira.

"Mun ga an kawo muku hari," in ji mai walda. "Kawo ƙyauren in ɗana wa sakatar wuta sau biyu. Minti goma ne."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da Kwamanda ya yarda. Amma ga ido goma sha biyu a kansa.

"Sakata?" ya ce. "Ana maganar tsaro kana maganar sakata? Ka taɓa jin garin da sakata ta ceta?"

"Akuya ce fa, Kwamanda."

"Haka ake fara rainawa. Ku matso ku ƙaru. Soja in ya ga abokin gaba ya fi shi sauri, ba ya bin sa da gudu. Tunga yake ja. Kun san ma'anar jan tunga a wajenmu? Ka haƙa rami, ka tula ƙasa, ka shige ka kafu, yadda ko igwa aka kawo babu mai tumɓuke ka. Rayukan da shebur ya ceta, bindiga ba ta ceci rabinsu ba. Ni nan, laka nawa ta wuce ta hannuna?"

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Igiyar shanyarsa a bayan filin horo take, daga nan yake hango kurata suna haƙa rami suna tula ƙasa a gabansu, kashegari kuma a kawo masa kakinsu ya wanke.

Washegari da sassafe ya fito da diga da shebur, da wata taswira da ya zana a bayan kwalin taliya ya kafe a ƙofar ɗaki. Gajeruwar katanga ce ta raba farfajiyarsu da titi, shi kuma ya ja layi a wajenta, daga bangon maƙwabcin dama zuwa na hagu. A daidai ƙyaure ya fara, tunda nan ne abokan gaba suka ɓullo. Duk shebur ɗin da ya ɗebo sai ya watsa shi ta ɓangaren titi, kamar yadda ya ga kurata na yi. Kafin rana ta raba, rami ya kai masa ƙirji.

Maman 'Yan Biyu ta buɗe ƙyaure da kwandon cefane a hannu, ta dubi ƙasa, ta ga tsakiyar kan mijinta.

"Ta ina zan wuce?"

Kwamanda ya ɗaga kai. A taswira babu wannan.

"A halin yaƙi, farar hula suna zama a gida."

"To a halin yaƙi kwamandoji suna cin me?"

Ya yi ta fafutukar fitowa, gefen ramin yana zubowa, sai da mai walda ya tsallako ya ja shi da hannu kamar ana ciro guga. Ya dira ta katanga, ya shiga ɗaki, ya fito da wani katako mai santsi ya gitta a kan ramin. Matar ta dubi katakon, ta dube shi.

"Wannan katakon kamar na san shi."

"Kayan aiki ne," ya ce da sauri.

Mai walda ya duƙa yana shafa wani baƙin tabo a tsakiyar katakon, mai tsini a gaba da faɗi a baya. "Wannan ƙunar fa?"

"Ɓarɓashin bam."

"Ikon Allah. Bam ɗin ma da siffarsa."

Baba mai takalmi ya ɗago daga tsallake, ya daɗe yana duban tabon, ya mayar da kai kan ɗinkinsa.

Ba a yi awa ɗaya ba Ƙaho Ɗaya ta zo, ta zagaya tulin ƙasar, ta hau gadar, ta tura ƙyaure. Da kyar Kwamanda ya riƙo ƙafarta ta baya. Daga ranar aka kafa doka: duk wanda ya wuce sai a janye katako. Mai shiga ya yi sallama, mai fita ya nemi izini. Wata baƙuwa da ta zo wajen Maman 'Yan Biyu sai daga titi suka gaisa, suna ɗaga murya kamar masu faɗa.

Ranar Alhamis ya ci gaba da haƙa, amma ba a miƙe ba. Ya yi dama, ya karya hagu, ya sake yin dama.

"Kwamanda, ko igiyar awo za a ara maka?" in ji mai walda. "Ramin naka yana tafiyar maye."

"Jahilci ke nan. Ba a haƙa ramin yaƙi a miƙe. In bam ya faɗa a wannan lungu, kwana ce za ta hana shi cin na wancan lungun."

"Wa zai jefa bam ɗin? Inna?"

"Soja ba ya cewa wane ba zai iya ba."

A lanƙwasa ta uku ta ramin ne diga ta ce ƙwal. Kwamanda ya ɗauka dutse ne, ya tofa yawu a hannu ya ƙara mata ƙarfi. Ruwa ya yi tsiri sama har ya wuce rufin gida, ya dawo a kansa. Bututun da ke ba layin gaba ɗaya ruwa ne. Cikin minti biyar famfunan gidaje goma sha huɗu suka yi tari suka ɗauke, mata suka firfito da bokitai, wata da kumfa har gwiwar hannu.

Inna ce a gaba, tana dogara sanda.

"Kai ɗan nan, me muka yi maka?"

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Yana cikin tsari."

"Tsarin wa?"

"Wannan shi ake kira gwalalo. Ramin da ake zagaye gari da shi. Manyan garuruwa har ruwa suke cika masa da gangan."

"Su ma da ruwan wankan mutane suke cikawa?"

Sai yamma mai gyaran famfo ya zo ya ɗaure bututun, yana aiki yana tsaki. Kafin nan rami ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙyaure ya jiƙa farfajiya sharkaf. Agwagi uku da ba a san daga ina suke ba suka zo suka tare a gwalalon. Kwamanda ya ce masu gadi ne, ko motsi kaɗan suka ji za su yi kuka. Ƙaho Ɗaya ta zo ta sha ruwa a gefensu, ko kallonta ba su yi ba.

Maman 'Yan Biyu ta taɓa gindin lemon da yatsa, yatsan ya nutse.

"Maigida, ƙasar nan ta yi laushi da yawa."

"Ban ruwa ne kyauta."

"Ina dai tuna maka."

Ranar Juma'a ruwan ya janye, ya bar taɓo har gwiwa. Tulin ƙasar ya fara zaizayewa, don haka Kwamanda ya shiga mataki na gaba, wato buhunan ƙasa. Ya je shagon mai abincin dabbobi ya roƙo tsofaffin buhuna arba'in, ya ɗura musu ƙasa, ya jera su a kan tudun hawa-hawa, kowane layi ya ɗan ja baya daga na ƙasansa. Aikin ya yi kyau, wannan ba a hana shi ba. Tudun ya ɗara katangar gidan tsawo. Abin da bai lura da shi ba, buhunan dusa ne. Kafin ya gama jerawa, awaki bakwai suna tsaye a bakin titi suna kallonsa cikin girmamawa.

A nan ne Baba mai takalmi ya ajiye basillarsa ya tsallako. Mutane suka juyo suna kallonsa, don ba a saba ganin ya bar rumfa ba.

"Kwamanda, in yi tambaya?"

"Yi, Baba. Tambaya ita ce hanyar farar hula."

"Ramin nan, wa zai shiga ciki? Kai ko akuyar?"

"Kamar yaya?"

"Rami iri biyu ne. Akwai wanda kai za ka shiga, shi ne ake tula ƙasarsa a gaba, wajen abokin gaba, don ta tare maka harsashi. Akwai wanda kake so shi ya faɗa, shi kuma ƙasarsa a baya ake tulawa, ta cikin gida, don in ya fito daga rami ya tarar da ganuwa. Wanne ka haƙa?"

Kwamanda ya dubi ramin, ya dubi tudun, ya dubi jama'a.

"Duka biyun."

"To. Akuyar nan tana harbi?"

Mai walda ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Baba," in ji Kwamanda, "ni ban taɓa koya maka sa ƙusa a dunduniya ba. Kowa ya tsaya a fagensa. Gobe da yamma akwai atisaye. Kowa ya zo. Inna ta saki akuyarta, mu ga ƙaryar ƙaho."

"Allah ya kai mu," in ji Baba, ya koma rumfarsa.

Ranar Asabar da yamma layin ya cika. Har daga layin baya an zo, wasu da kujerunsu. Da yake ranar hutu ce, kowa ya ci ado, mai walda ma ya sa farar riga da ba a taɓa ganinsa da ita ba. Kwamanda ya tsaya a cikin farfajiya da usur a wuya, wando ya sha guga. Ya janye katako, ya buɗe ƙyaure hanhai don kowa ya shaida ba sakata ce ke tsaron gidan ba. Maman 'Yan Biyu tana bakin ƙofar ɗaki, ta harɗe hannuwa.

"Jama'a," ya ce, "abin da kuke gani shi ne tunga. Daga yau, abin da ke cikin gidan nan ya kafu. Babu mai tumɓuke shi. Inna, saki!"

Ya busa usur.

Inna ta kwance igiya. Ƙaho Ɗaya ba ta ko kalli ramin ba. Ta nufi buhunan, ta shinshina, ta hau layin farko tana lasa, ta hau na biyu, ta hau na uku, kamar an gina mata matattakala. Sauran awakin suka biyo ta. Da ta kai ƙololuwa ta tsaya, ta dubi jama'a, ta dubi katangar da ke ƙasa da ita kaɗan a tsallaken rami. Tsalle ɗaya ta yi, ko ƙoƙari babu a ciki. Daga katanga ta dira farfajiya. Ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo.

"Yana cikin tsari!" Kwamanda ya yi ihu. "An jawo su tarko ne!"

Ya yi kan Ƙaho Ɗaya, ta goce. Ya juyo, wata ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya buɗe hannuwa ya tsaya tsakaninsu da lemon, yana ja da baya yana busa usur, sai dunduniyarsa ta sami santsin da ruwan ranar Alhamis ya bari. Ƙafafunsa suka yi gaba, shi ya yi baya, wajen buɗaɗɗen ƙyaure. Mai faɗuwa ba ya zaɓen abin riƙewa. Hannunsa ya kai ga abu ɗaya tilo da ke tsaye a wurin, ya damƙe.

Ƙasar ta yi laushi. Lemon ya taho da shi, har saiwa.

Ƙarar faɗawarsa cikin taɓo har layin baya an ji. Laka ta yi tsalle ta wanke sahun gaba. Mai walda ya hau tudu zai miƙa masa hannu, buhun da awaki suka tsattsage ya zame, ya tafi, ya riƙo na bayansa, na bayan ya riƙo na bayansa. Kafin a ce me, mutum biyar suna cikin gwalalo tare da agwagi. Awakin kuwa babu wadda ta kalli inda lemon yake. Ƙaho Ɗaya tana ƙofar ɗaki tana cin taswira.

Kwamanda yana zaune a taɓo har ƙirji, ya ɗaga itacen sama kamar tuta. Babu wanda ya yi dariya, domin Maman 'Yan Biyu ta taho. Ta durƙusa a bakin ramin ta miƙa hannu. Ya ɗauka shi za ta ja, ya miƙa nasa. Ta karɓi lemon.

Ta daɗe tana duba saiwar, hawaye yana bin kumatunta ba ta share ba. Baba mai takalmi ya leƙo ta saman tudu.

"'Yar nan, uwar saiwar ba ta karye ba. Sa shi a bokiti da ƙasarsa yanzu, ki kai inuwa. Yana iya rayuwa."

Sai da ta gama wannan tsaf, ta wanke hannu, sannan ta dawo ta tsaya a ƙofar gida. Kwamanda ya dube ta daga ƙasa. Tsoron da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, har a yaƙe-yaƙen da bai je ba.

"Maman 'Yan Biyu," ya ce a hankali, "a yi haƙuri."

"Akuya ganye huɗu ta ci," ta ce. Sannan ta ɗaga kai. "Jama'a, ku yi haƙuri da abin da ya sami kayanku. Kowa ya je ya cire ya kawo nan. Maigidana shekara goma sha ɗaya ya yi yana wa sojoji wanki da guga a bariki, ba a taɓa dawo masa da riga ko ɗaya ba."

Wurin ya yi tsit, sai wata agwagwa da ta ce wani abu.

"To ai shi ya sa," in ji Inna.

"Ni tun shekarar da ya tare na sani," in ji Baba. "Soja ba ya iya wannan karin gugar. Sai wanda ke yi wa soja."

"Kai kuma ta ina ka san soja, Baba?" in ji mai walda daga cikin rami.

"Shekara bakwai ina haƙa irin wannan da kuke zaune a ciki." Ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku. "Sauran biyun suna cikin ɗaya daga ciki."

Ya juya ya koma kan takalmansa.

Kwana biyu Kwamanda ya yi yana mayar da ƙasa inda ya same ta. Mai walda ya gyara sakatar, da aka duba agogo minti bakwai ne. A rana ta uku aka ɗaura igiyoyi a farfajiya, aka ɗora katakon gugar nan mai ɓarɓashin bam a kan tebur, a fili, kowa na gani. Farar rigar mai walda ta fito fiye da ranar da aka saye ta, har ya tsaya yana juya ta ya rasa abin tsokana. Wata mata ta tambayi yadda ake fitar da jar laka daga farin yadi, Kwamanda ya fara bayani, ya ga mutum shida sun matso suna saurare da gaske. Abin ya ba shi mamaki har ya manta bai ƙara komai a kai ba.

Da yamma, bayan kowa ya karɓi kayansa, ya leƙa bokitin da ke inuwa. Ganye biyu sun faɗi, sauran sun ɗan ɗago. Yana nan tsugune sai ya ji an dire wani abu mai nauyi a bayansa. Ƙullin kaya ne, ya kusa kai masa ƙirji: zannuwa, labulaye, rigunan gado.

"Wannan kuma na wane gida ne?"

"Na gidan nan," in ji Maman 'Yan Biyu. "Shekara ashirin ina dirzar hannuna a gidan da akwai gwani."

Ta ajiye masa sabulu a kan ƙullin, ta ɗauki bokitin lemonta ta shige ciki.